Mutumin da Ya Buga Fendar Dama

Shekara tara ke nan, amma ranar Alhamis ɗin da na ɗora murfin fitila a kan fendar wata jar mota ya ƙi zama ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo garejin nan daga baya kuna ganin wasu kwalaye guda biyar rataye a bango sama da teburina, sun yi baƙi da maiƙo, kuma na san akwai wanda ya taɓa yunƙurin kwashe su ranar shara. To ga labarinsu, don kada wani ya sake kai musu hannu.

Ni Ishaya, a Panteka ta Kaduna na koyi aikin fanalbita, wato miƙar da jikin mota idan ya lotse, a hannun maigidana Oga Garba. Shekara ashirin na yi ina buga ƙarfe kafin mu taso New York ni da matata Rifkatu. Ita nan da nan ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi. Ni kuwa babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa riƙe guduma. Janwe na samu, motar jan motocin da suka mutu a hanya, na shekara huɗu ina zirga-zirga tsakanin unguwar Jamaica da bakin filin jirgi, ina ɗaukar aikin da zan iya yi ido rufe ina kai wa wasu. Abin ya riƙa ci mini rai ƙwarai. Mutum ya iya sana'a a hannunsa, amma kullum sitiyari yake murzawa.

Wata rana na kawo wata tsohuwar mota nan Port Richmond, na tarar da wani ma'aikaci yana dukan ƙofa kamar ta zage shi. Bakina ya ƙi shiru, na ce masa ta gefe ake fara bi, ba ta tsakiyar lotsawar ba. Ashe mai garejin yana tsaye a bayana. Shi ne Baba Aldo, tsoho ɗan Italiya, gajere, ga fushi ga kirki. Ya karɓi gudumar ya miƙo mini. Da na gama ƙofar ya ce in zo ranar Litinin, zai gwada ni wata uku. Idan na ci, teburin fanalbita nawa ne. Idan ban ci ba, janwe tana jirana.

Dole in bayyana yadda ake aiki a nan, don wanda bai sani ba. Mu ba garejin a-gyara-a-tafi ba ne, tsofaffin motoci masu daraja ake kawo mana. Idan mota ta shigo, sai an ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa kafin a taɓa ta. Duk abin da aka kwance, ko noti ne, sai a sa shi a leda a rubuta inda ya fito. Idan fanalbita ya gama, ba a yin fenti sai mai mota ya zo ya ga ƙarfen tsirara da idonsa, ya yarda. Duk wannan na bi shi sau da ƙafa har sati goma sha ɗaya, kullum ina tasowa daga gidanmu a Fordham Road, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas. Saura sati biyu wa'adina ya cika jar motar nan ta shigo.

Gajera ce, da ƙyar ta kai mini ƙirji, kujera biyu kacal. Da aka sauke ta na buɗe gaba don in gaisa da inji, sai na tarar da safayar taya zaune tana kallona. Mamman Sani, mai fentinmu, mutumin Maraɗi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai ɗan Najeriya, mi kake biɗa nan? Moteur shina baya, bayan kujera." Na leƙa, ga injin kuwa, a kwance tsakanin bayan direba da tayoyin baya. A duk shekaruna na Kaduna ban taɓa ganin irin wannan ba.

Motar ta wata dattijuwa ce, Madam Teresa, malamar makaranta da ta yi ritaya. Mijinta ne ya saye ta tun suna da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta a rufe. Wani kanta na jera kaya ne ya faɗo a inda take ajiye ya lotsa fendar dama, ɓangaren da ke saman tayar gaba, dab da fitila. Lotsawar ba ta wuce faɗin faranti ba. Amma jikin motar na alminiyam ne, ba ƙarfe ba, shi ya sa Baba Aldo ya ba ni. Ya san a Panteka mun saba da shi.

A satin ne aka sa masa ranar cire yanar ido, zai yi kwana huɗu ba ya nan. Kafin ya tafi ya dafa fendar ya ce mini in tayar da lotsawar kawai. Kalmar "kawai" ɗin nan na ji ta da kunnena, ba zan yi ƙarya ba.

Ranar Litinin na cire fentin fendar, na shiga ta ƙarƙashi da ƙarfen tokara, kafin la'asar lotsawar ta tashi sumul. Da na tsaya a nan, da babu labari. Amma Oga Garba ya koya mana cewa idan ka gama gefe guda, sai ka auna shi da ɗan'uwansa mai lafiya, domin mota hagu da dama daidai take. Na yanko kwali na bi tudun fendar hagu da shi a wuri biyar, na juyo na ɗora a dama. Ya ƙi zama. Tudun dama ya ɗara na hagu da kusan kaurin yatsa, kuma ba a inda kantan ya buga ba, tun daga saman fitila har zuwa kusa da gilashi. Don in tabbatar, na yanko wasu kwalayen biyar na bi daman da su, na haɗa da na hagun. Bambancin a fili yake.

Nan take na yanke hukunci cewa motar ta taɓa yin hatsari tun da daɗewa, wani ɗan koyo ya yi gyaran ganin dama aka rufe da fenti. Har tsaki na yi wa mutumin da ban sani ba. Raina kuma ya ce ga dama ta samu: tsoho zai dawo ya tarar na gano abin da shi bai gani ba, na kuma gyara. Mamman Sani ya ce mini, "Malam Ishaya, Patron ya ce lotsawa kaɗai. Garin neman gira hwa akan rasa ido." Na ce masa ya tsaya a kan fentinsa, ƙarfe ba na masu burushi ba ne. Wuni biyu na yi ina kwantar da tudun nan a hankali, har kwalin hagu ya zauna a dama ɗas, ko gashi ba zai wuce ba. Ranar Laraba na koma gida ina jin kaina, har na ce wa Rifkatu ta fara tunanin abincin da za a dafa wa mutanen coci.

Ranar Alhamis da safe na ɗauko ledar murfin fitilar dama, wani farin murfi mai kama da gilashi da siririn zobe mai ƙyalli a bakinsa, don in gwada. Ya zauna ta ƙasa, ta sama kuwa ya tsaya a iska, har ɗan yatsana yana shiga tsakani. Na juya shi, na sake juyawa. A bayan zoben sai na ga lamba an buga, irin lambar da ke jikin motar, da sawun magagari inda wani ya goge shi da hannu har ya dace da tudun. Tudun da na shafe wuni biyu ina kashewa. Na zauna a kan taya riƙe da murfin.

Mamman Sani ya zo ya tsaya, bai ce "na faɗa maka" ba, kuma har gobe ina ganin girmansa a kan haka. Ya ce akwai hanya idan ina so: in cika wurin da fila, wannan ƙullun da ake shafawa ya daskare, shi kuma ya bi da farin shafe na ƙasa ya ce tsatsar alminiyam ya gani shi ya sa ya rufe da wuri. Tsoho ido ɗaya ne da shi a satin, Madam kuwa ba ta san fila ba. "Amma wallahi, mon frère," in ji shi, "wanga tsoho ba da ido yake gani ba."

Na yi tunanin abin, ba zan ce ban yi ba. A Kaduna na sha rufe asirin mota da fila, mai ita ya tafi yana godiya. Na tuna janwe, na tuna kiran rediyo da tsayuwa a gefen babbar hanya ana tsala ruwa. Amma na san ko na tsira ranar, kullum na shigo garejin nan zan riƙa jiran ranar da za a ƙwanƙwasa fendar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce masa ya bar fentinsa a gwangwani.

Ranar Juma'a Baba Aldo ya shigo da bandeji a ido ɗaya. Ban bari ya cire kwat ba na faɗa masa komai. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a fendar, ya rufe idon da ya rage, ya shafa daga fitila zuwa gilashi, ya dawo. Na zaci zai yi ihu, don ya iya. Sai ya ce a hankali, "Aikin ya yi kyau. Ka gyara wa mutumin dama aikinsa. Wa ya aike ka?"

Ya jawo kujera ya zauna, ya sa ni ma na zauna, ya ba ni tarihin motar kamar mai ba da labarin dangi. Ya ce da can duk motar kirki a ƙasarsu a gaba injinta yake. Masu tsere ne suka fara gane cewa idan aka mai da injin tsakiya, bayan direba, nauyi yakan zauna daidai, mota ta sha kwana ba ta yi wutsiya ba. Ni na fahimce shi sarai, don ko jaki ba a ɗora masa kaya a wuya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka fito da dabarar daga filin tsere zuwa titi, kuma wannan da ke gabanmu tana cikin na farkon zuriyarta, masu silinda shida da jikin alminiyam, waɗanda kaɗan aka ƙera. Daga baya aka koma jikin ƙarfe don a yi da yawa, injin ya girma ya zama silinda takwas, aka yi 'ya'ya da jikoki, har zuwa na yau da na'ura take auna komai. Amma na farkon nan, in ji shi, da guduma aka yi su, a kan gunkin katako mai siffar motar. Sau da yawa mutum ɗaya ne a hagu, wani a dama, kowa da nauyin hannunsa. Idan sun gama, sai a goge zobe da murfi a dace da abin da hannun ya bayar, a buga lamba. Mahaifinsa irin aikin da ya yi ke nan har ya kurumce.

"Ba karkata ba ce," in ji shi. "Hannun mutum ne. Ya fi shekara arba'in a wurin, hatsari bai share shi ba, tsatsa ba ta share shi ba, sai kai."

Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina ɗan koyo. Mutumin da na yi wa tsaki ashe ɗan'uwana ne a sana'a.

Sai ya gindaya mini sharaɗi. Madam Teresa za ta zo Juma'a mai zuwa ta ga ƙarfe tsirara. Idan murfin ya zauna ba tare da an taɓa shi da magagari ba, kuma babu ko ɗigon fila, zan zauna. Idan alminiyam ɗin ya tsage, zai kira wani a wata jiha ya ƙera sabon ɓangare, ni kuma in koma inda na fito. Ya ƙara da cewa shi bai ga yadda za a yi ba, domin hoto ba ya nuna tsayin tudu, murfin kuma bakin fitila kawai zai nuna. Siffar ta tafi.

A nan ne halin Panteka ya cece ni. A can ba a zubar da komai, ko guntun waya sai ka cusa a aljihu, wata rana zai yi rana. Kwalaye biyar ɗin da na yanka a jikin fendar dama don in kama mutumin da laifi, ban jefa su a shara ba. Na tara su ina durƙusawa a kai saboda sanyin siminti. Na je na zaro su daga ƙarƙashin tebur, guda ya ɗan lanƙwashe, amma bakunansu lafiya lau. Tsoho ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba alamar da na yi da biro. Ya ce shedun da na tara don a hukunta mutumin, su ne za su wanke shi.

Saura matsala ta biyu. Alminiyam idan ya sha duka yakan yi tauri, ka ƙara masa sai ya tsage, kuma wannan ya sha na Italiya ya sha nawa. Sai an gasa shi ya yi laushi. Amma shi ba ya yin ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka, yana nan fari fat sai kawai ka ga rami. Ranar Litinin na zo da sabulun wanki a aljihu, irin na sanda, daga shagon wani ɗan Nijar a unguwarmu. Na goga shi a fendar layi-layi, na kunna wutar gas ina yawo da ita nesa-nesa. Da layin sabulun ya koma ruwan ƙasa mai duhu sai in ɗauke wutar. Haka masu tukwane suke yi a Panteka, a wurinsu Oga Garba ya gani. Baba Aldo yana tsaye a kaina, sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce mahaifinsa da baƙin hayaƙin wutar yake shafe wurin, idan hayaƙin ya ƙone ya ɓace, to ya isa. Ya ce ashe malaminsu ɗaya, sabulu ne kawai ya bambanta.

Kwana huɗu na yi a fendar nan. Tayar da tudu ya fi kwantar da shi wuya, domin kowane bugu yana rage kaurin ƙarfen, kuma ba ka da na ƙari. In yi bugu goma, in ɗora kwali, in duba haske ta ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannuna, wanda shekara ashirin ya saba neman daidai, yanzu ina tilasta masa bin son wani. A hankali na fara gane mutumin. Yana son tudu ya tashi da wuri a saman fitila, sannan ya sake shi ya gangara a hankali. Ina jin ma bahago ne, don sawun gudumarsa ta ciki duk gefe guda suka kwanta. Ranar Laraba na ji sautin ƙarfen ya canja a wuri ɗaya, ya yi siriri, na san saura ƙiris. Na ajiye guduma na fita bakin ruwa na tsaya ina kallon jiragen kaya. Da na dawo na sake gasa wurin, na ƙarasa shi da gudumar katako. Mamman Sani, wanda ya riƙe mini fitila duk tsawon kwanakin, ya ce ko a kan 'ya'yansa bai taɓa yin addu'a haka ba.

Alhamis da la'asar murfin ya faɗa gurbinsa, sukurorinsa suka shiga ramukansu na asali ba tare da na matsa ba. Tsoho ya shafa, ya ƙwanƙwasa da zoben yatsansa. Ya ce sai mai mota ta gani.

Madam Teresa ta zo Juma'a da hantsi, tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da ita. Baba Aldo bai ɓoye mata ba, ya faɗa mata abin da na yi da abin da na sake yi, ina tsaye kamar wanda aka kai gaban alƙali. Ba ta je wajen fendar ba ma. Ta zagaya gaban motar, ta ja da baya taku biyar, ta tsaya tana kallonta ido cikin ido. Sannan ta ce mijinta kullum yakan ce motar nan gira ɗaya take ɗaga masa, kamar tana tambayarsa ina ya tsaya. Tun ranar da kantan ya faɗo abin da take tsoro ke nan, kada a dawo mata da mota mai kyau wadda ba ta san ta ba.

"Ga ta nan," in ji ta. "Har yanzu tana ɗaga mini."

Ta share ido, ta kama hannuna da hannu biyu ta yi godiya. Ni da na kusa raba ta da abin, ni take wa godiya.

Bayan sun tafi Baba Aldo ya zo wajen teburin. Ya ɗauki kwalayen nan biyar, ya huda su, ya zura waya, ya rataye su da kansa sama da teburin fanalbita. Ya ce kowace safiya in fara gaishe su kafin in ɗauki guduma. Da haka na san na ci. Na kira Rifkatu daga bakin ƙofa, ta ce to yanzu ta ɗora tukunyar ko in sake aunawa tukuna?

Tsoho ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, ni ne babba a ɓangaren jiki yanzu, shi ya sa kuke jin ina ta faɗa idan na ga wani ya ɗauki guduma kafin ya yi tambaya. Abin da na koya shi ne, ƙwarewa ta fi jahilci haɗari a wajen tsohuwar mota. Wanda bai iya ba yakan ji tsoro ya tsaya. Wanda ya iya shi ne yake ganin kuskure a duk abin da bai yi kama da nasa ba, kuma yana da hannun da zai share shi tas. Idan kun ga wani abu a karkace a aikin wanda ya riga ku, ku auna, ku ajiye awon, ku tambayi dalili. Wani lokaci kuskure ne da gaske. Wani lokaci kuma abin da wata take kallo ke nan ta tuna mijinta.

Mutumin dama ban san sunansa ba, kuma da wuya yana raye. Amma mun yi kwana huɗu muna aiki tare, shi yana gaba ina bin sawunsa, kuma a ƙasar nan shi ne ya fara karɓa ta a matsayin ɗan sana'a. Ku bar kwalayen nan inda suke.